Yadda Ake Cin Moriyar Littattafan Mutanen Gari a Wasan Labari na Kan Tebur

Duk wanda ya taɓa jan ragamar wasan labari na kan tebur ya san wannan lokaci mai ɗaure kai. Za ka kwana kana shirya kogon da dodo yake ciki, ka zana taswira, ka tsara tarkuna ɗaya bayan ɗaya, amma da 'yan wasa sun iso bakin kogi sai ɗayansu ya dube ka ya ce, "Mai fiton nan, ya sunansa? Kuma me ya sa yake ta kallon jakata?" Kai kuwa ba ka tanadi komai a kan mai fito ba, domin a tunaninka aikinsa kawai ya ƙetarar da su ya karɓi kuɗinsa. Saboda irin wannan lokaci ne aka yi ta wallafa littattafai sukutum waɗanda babu komai a cikinsu sai mutane, kuma wannan rubutu bayani ne a kan yadda za ka zaɓi irin littafin da ya dace da kai, da yadda za ka ciro mutum daga shafinsa ka tsayar da shi da ƙafafunsa a gaban abokan wasanka.

Ga wanda bai saba da wasan ba, tsarinsa mai sauƙi ne. Mutane uku zuwa shida sukan zauna, kowanne yana riƙe da jarumi guda wanda yake magana da yawunsa kuma yake yanke masa shawara, sannan a sami mutum ɗaya da ke bayyana duniyar da suke ciki, yana hukunta abin da ya faru da taimakon dayis irin na ludo da wasu masu fuskoki da yawa, har mai fuska 20. Wannan mutum shi zan riƙa kira madugu, tun da shi ne uban tafiya. Duk wani mahaluki da ke cikin labarin wanda ba ya hannun 'yan wasa, daga sarki zuwa mai gadin ƙofa, daga boka zuwa yarinya mai talla, madugu ne ke riƙe da shi. A Turance ana taƙaita sunan waɗannan da haruffa uku, NPC, ni kuwa zan kira su mutanen gari. Wasan da ya buɗe wannan fage shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙira, kamfanin TSR ya fitar da shi a shekarar 1974 daga garin Lake Geneva na jihar Wiskonsin a Amurka, kuma ba a yi nisa ba madugai suka gano cewa ƙirƙirar mutanen gari ya fi zana kogo cin rai.

Ka fara da gane inda kake da giɓi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sayi littafi saboda yawan mutanen da aka rubuta a bangonsa, alhali littattafan nan ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba. Kafin ka kashe ko kwabo, ka tuna zaman wasanka na baya-bayan nan, ka tambayi kanka a ina ne harshenka ya sarƙe. Idan faɗa ne ya ɓarke ba zato ba tsammani ka rasa sanin ƙarfin dogarin da aka taka, to lambobi kake buƙata. Idan kuwa dogarin ya buɗe baki ne ka ji muryarsa da halinsa ba su da bambanci da na mahaucin da aka bari a baya, to hali kake nema, kuma littafin lambobi ba zai tsinana maka komai ba.

Littattafan lambobi su ne suka fara fitowa. A shekarar 1978 kamfanin GDW ya fitar da wani ɗan littafi mai suna 1001 Characters domin wasan Traveller, wasan tafiye-tafiye a sararin samaniya da Marc Miller ya tsara a 1977, kuma abin da ke cikinsa layuka ne na lambobi da jerin gwaninta, an tanade su ne domin a hutar da madugu daga jefa dayis duk lokacin da baƙo ya bayyana. Shekaru biyu bayan haka, a 1980, TSR ya fitar da The Rogues Gallery a kan wannan salo, jadawali bayan jadawali na mayaƙa da ɓarayi da matsafa da aka riga aka ƙayyade ƙarfinsu, sai dai a ƙarshensa an ƙara wasu shafuka masu cikakken bayani a kan jaruman da mutanen kamfanin suka yi wasa da su da kansu, irin su Mordenkainen da Bigby. Abin lura shi ne waɗannan shafuka kaɗan su ne mutane suka fi tunawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda zuciyar mai karatu take karkata. Daga baya, wani cikakken misali a wannan rukuni shi ne NPC Codex na wasan Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya wallafa a 2012, yana ɗauke da mutane sama da 300, an bi azuzuwan jarumai 11 na asali, wato nau'o'insu irin su mayaƙi da matsafi, tun daga matakin ƙarfi na 1 har zuwa na 20, kuma an rubuta wa da yawansu abin da za su yi kafin faɗa da abin da za su yi a tsakiyarsa. Littafi ne mai matuƙar amfani ga mai wasa da bugu na farko na Pathfinder, domin gina mayaƙi mai babban mataki a wannan wasa yakan cinye sa'a guda ko fiye, amma ga mai buga wani wasan daban kusan duk lambobin nan ba su da inda za su shiga.

Rukuni na biyu shi ne na hali da ɗabi'a, kuma shi na fi ba sabon madugu shawarar ya fara da shi. Misalinsa da na fi sani shi ne Masks, wanda Engine Publishing ya fitar a 2011 daga alƙaluman marubutan Gnome Stew, wani shafin intanet na madugai. Mutane 1,000 ne a cikinsa, an kasa su gida uku, na duniyar tsafi da takubba, da na almarar kimiyya, da na zamanin yau, sannan kowane gida an sake raba shi zuwa miyagu da abokan tafiya da 'yan ba-ruwanmu. Babu lambar faɗa ko ɗaya a ciki. Abin da za ka samu shi ne kamanni, da yadda mutumin yake motsi da magana, da abin da ke tunzura shi, da ɗan tarihinsa, wanda hakan ya sa kana iya ɗaukar shugaban 'yan fashin jirgin sama jannati ka sauya masa tufafi ka mai da shi shugaban ɓarayin shanu ba tare da ka ɓata komai ba. Littafin Jeff Ashworth na 2021 mai suna The Game Master's Book of Non-Player Characters shi ma yana nan kusa, da mutane sama da 500, sai dai an rubuta shi ne da bugu na biyar na Dungeons & Dragons a zuciya.

Akwai rukuni na uku da ba a cika ambata ba, wanda ni a wurina ya fi sauran koyar da sana'ar. Shi ne littafin da ke ba ka mutum haɗe da wurinsa ko haɗe da matsalarsa. Citybook na farko, wanda Flying Buffalo ya fitar a 1982, shaguna da wuraren sana'a ya jera, kowanne da taswirarsa da masu shi da abubuwan da ka iya tasowa a cikinsa, kuma an rubuta shi yadda zai shiga kowane wasa. Shi kuwa 76 Patrons na Traveller, wanda ya fito a 1980, mutane ne masu neman a yi musu aiki, kuma dabarar da ke cikinsa ta cancanci a tsaya a kanta. Ana gabatar da mai aikin da abin da ya faɗa wa 'yan wasa, sannan a ƙasa a jera wa madugu hanyoyi daban-daban da gaskiyar lamarin za ta iya kasancewa, ya zaɓa ko ya jefa dayis mai fuska shida. Wataƙila mutumin gaskiya ya faɗa, wataƙila ya ɓoye rabi, wataƙila shi ma yaudararsa aka yi. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne abin da mutum ya faɗa da abin da yake gaskiya abubuwa biyu ne da ya kamata madugu ya rubuta dabam-dabam.

Yadda za ka gwada littafi kafin ka saya

Yawancin littattafan nan daga ƙasashen waje ake kawo su, kuma kuɗin dakonsu wani lokaci yakan zarce kuɗin littafin kansa, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce sayen kwafin PDF a shaguna irin su DriveThruRPG, inda galibi ake barin mai saye ya duba wasu shafuka kyauta. Ka yi amfani da wannan dama da kyau. Ka zaɓi mutum ɗaya daga tsakiyar shafukan, ka karanta shi sau ɗaya tak, ka ɗauke idonka, sannan ka gwada faɗin abin da yake so da baki. Idan ka iya, marubucin ya yi aikinsa. Idan abin da ya rage a kanka launin idonsa ne da sunan kakansa, to littafin na karantawa ne a kan gado, ba na buɗewa ba ne a lokacin da mutane huɗu suke jiran amsarka. Ka kuma duba fihirisa, domin littafi mai mutane ɗaruruwa wanda ba a jera su bisa sana'a ko hali ba, daidai yake da kasuwar da babu layuka a cikinta.

Ka sani kuma cewa wataƙila abin da kake buƙata yana hannunka tun tuni. Dungeon Master's Guide na 2014, wato littafin madugu na Dungeons & Dragons, ya keɓe babi na huɗu ga ƙirƙirar mutanen gari, inda ya ba da shawarar a taƙaita mutum mai muhimmanci a jimloli goma, da suka haɗa da sana'arsa da kamanninsa da baiwarsa da abin da ya sani da abin da ya ɗauka da daraja da kuma aibinsa ko sirrinsa. Monster Manual na wannan shekarar, wato littafin dodannin wasan, yana da rataye a ƙarshensa mai lambobin talaka da dogari da ɗan fashi da basarake, kuma da yawa daga cikin waɗannan suna cikin kundin ƙa'idojin da kamfanin Wizards of the Coast, mai wallafa wasan a yanzu, ya saki ga kowa kyauta a ƙarƙashin lasisin Creative Commons a farkon 2023.

Ciro mutum daga shafi zuwa kati

A nan ne aikin gaske yake. Kada ka taɓa kawo littafin kan tebur da niyyar karanto wa 'yan wasa sakin layi, domin da zarar ka sunkuyar da kai ka fara karatu, hankalinsu ya tashi daga kanka. Abin da za ka yi shi ne tun kafin ranar zama ka yanka takarda mai kauri gida-gida, girman tafin hannu, ka ba kowane mutum kati ɗaya, kuma ƙanƙantar katin ita ce za ta tilasta maka zubar da abin da ba shi da amfani.

Abu na farko da za ka rubuta a ƙarƙashin suna shi ne buƙatarsa ta yau. Littattafai sukan ba da buri mai faɗi, a ce wane yana son dukiya ko yana son ɗaukaka, amma irin wannan buri ba ya motsa kowa a kan tebur. Aikinka shi ne ka matse shi har ya zama abin da za a iya samu ko a rasa kafin faɗuwar rana. Mu koma ga mai fitonmu. A ce littafin ya ba ka dattijo mai kwalekwale, mai son kuɗi, mai ƙarancin magana. Sai ka tambayi kanka kuɗin me yake nema, kuma zuwa yaushe. Ka rubuta cewa an riƙe ɗansa a hayin kogi saboda bashin gishiri, kuma idan bai cika kuɗin ba kafin ranar kasuwa za a wuce da yaron tare da ayari. Yanzu ka san dalilin da ya sa yake kallon jakar baƙo, ka san zai tsawwala kuɗin fito, ka san cewa idan aka kyautata masa zai iya buɗe baki, idan kuma aka wulaƙanta shi zai iya sayar da labarin 'yan wasa ga wanda ke bin sawunsu. Jimla ɗaya ce ka rubuta, amma ta amsa tambayoyi goma da ba a riga an yi maka ba.

Abu na biyu shi ne abin da ya sani wanda 'yan wasa suke buƙata, sannan a gefensa abin da zai sa ya faɗa. Mai fito ya ga duk wanda ya ƙetare kogin nan cikin mako, saboda haka ya san cewa matafiya uku masu rufe fuska sun wuce shekaranjiya da akwati mai nauyi. A nan ne za ka yi aiki da darasin 76 Patrons, ka rubuta abin da zai faɗa da farko, wato shi bai ga kowa ba, sannan ka rubuta gaskiyar a ƙasa. Sai dai ka kiyaye, kada ka ɗaure labarin da tafiya ba za ta yiwu sai da shi a bakin mutum ɗaya kaɗai, domin 'yan wasa suna iya yi masa rashin kunya ko su bi ta gada su ƙi kula shi. Duk labari mai muhimmanci ka ba mutum biyu ko uku ɓangarensa.

Abu na uku alama ce guda ɗaya da ido ko kunne zai kama. Littafin zai iya jera maka siffofi bakwai, kai ka ɗauki ɗaya. Mai fiton nan ba ya amsa tambaya sai ya tsoma hannu a ruwa ya shafa a wuyansa. Shi ke nan. Bayan wata uku 'yan wasa za su manta sunansa, amma za su ce "dattijon nan mai shafa ruwa a wuya", kuma wannan ya wadatar.

Abu na ƙarshe, wanda babu littafin da zai iya yi maka shi, shi ne ka ɗaura wa mutumin zare zuwa ga wani da ke cikin labarinka. Mutanen littafi a warwatse suke zuwa, kowa shi kaɗai kamar wanda ya faɗo daga sama, alhali a gari na gaske kowa surukin wani ne ko mabarcinsa ko tsohon yaron shagonsa. Ka ɗauki katunan da ka yi, ka shimfiɗa su, ka ja layi tsakanin kowane biyu. Wanda ke bin mai fito bashin gishiri, ka mai da shi fatoman da 'yan wasa za su sauka a gidansa da daddare. Da ka yi haka, gaisuwar da za su yi da fatoma ta riga ta ɗauki nauyi tun kafin ya ce musu sannu da zuwa.

Batun suna

Sunayen da ke cikin littattafan nan an ƙera su ne domin kunnen Bature, kuma da yawansu sukan yi wa harshe nauyi idan da Hausa ake wasan. Idan labarinku a duniyar da ta yi kama da Turai ta dā yake, ka bar sunayen amma ka gajarta masu tsawo zuwa gaɓa biyu ko uku. Idan kuwa kun gina duniyarku a kan birane masu ganuwa da ayarin fatake, to kana da taskar da marubutan can ba su da ita, domin sunayenmu na gargajiya da tarihinsu suke tafe. Tanko an haife shi bayan mata, Kande bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi kuwa bai tarar da mahaifinsa a raye ba. Ka kira mai fito Audi, ka ga yadda tsoronsa na rasa ɗansa ya sami saiwa ba tare da ka yi bayani ba. Ina ba da shawarar ka rubuta sunaye ashirin, goma na maza goma na mata, ka liƙa a cikin bangon littafinka, duk wanda ka yi amfani da shi ka soke shi ka rubuta a gefe wanda aka ba. Mutumin da aka ba suna nan take, 'yan wasa sukan ɗauke shi da muhimmanci, wanda kuwa madugu ya yi ta inda-inda kafin ya raɗa masa suna, sun riga sun gane babu komai a wurinsa.

Yadda za ka riƙe shi a kan tebur

Mutane da yawa suna tsoron zama madugu saboda suna zaton sai wanda ya iya sauya murya kamar ɗan wasan kwaikwayo. Ba haka abin yake ba. Wanda ya taɓa sauraron tatsuniya a bakin kaka ya san cewa tsamin bakin Gizo kaɗai ya isa a gane shi ne ke magana, ba sai an ce "in ji Gizo" ba. Abu ɗaya ake sauyawa. Ka rage gudun magana ga dattijo, ka gajarta jimla ga soja, ka sa dillali ya riƙa maimaita kalmar ƙarshe ta abokin maganarsa, ka sa basarake ya yi magana ta bakin wani. Idan ma wannan ya yi maka nauyi, kana iya bayyanawa kawai, ka ce ya amsa a hankali yana kallon ƙasa, kuma wasan zai tafi daidai.

Abin da ya fi murya muhimmanci shi ne ka bar mutumin ya ƙi. Sabon madugu yakan mai da mutanen gari tamkar rijiya, duk wanda ya zura guga ya ɗebo labari. Ka duba katinka, idan abin da aka roƙa ya saɓa wa buƙatar mutumin, ya ce a'a, ko ya nemi wani abu a madadinsa. Jefa dayis na lallashi yana da wurinsa, amma sakamakonsa ya tsaya a iyakar abin da mutumin zai iya yarda da shi. Ko dayis ya ba da 20, mai fito ba zai bar ɗansa ya tafi da ayari domin baƙi sun iya zance ba, sai dai ya rage musu kuɗin fito ko ya nuna musu mashigar da ba a sani ba.

Game da lambobi kuwa, kada ka wahalar da kanka. Mafi yawan mutanen gari ba za su taɓa zare takobi ba. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons na 2014 talaka makin rai 4 gare shi, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, dogari kuwa 11, kuma waɗannan biyu sun ishe ka rufe kusan duk wanda ke cikin kasuwa. Ka rubuta a ƙasan kati "lambobin dogari" ka wuce. Cikakken jadawali sai ga wanda ka tabbata za a gwabza da shi, kuma a nan ne littafi irin NPC Codex yake biyan kuɗinsa.

Haɗarin da ke tattare da mutum mai kyau

Akwai wani tarko da littattafan nan suke ɗanawa ba da niyya ba, kuma na taɓa faɗawa cikinsa. Na karanta wata jaruma a wani littafi, tsohuwar shugabar dakaru mai tabo a fuska da tarihi mai taɓa zuciya, na ƙaunace ta ƙwarai, na sa ta raka 'yan wasana cikin daji. Da 'yan fashi suka tare hanya, lambobinta sun fi na kowa, ta kashe uku kafin wani ya motsa. Da aka zo mararraba, ita ta san hanya. Da aka isa fada, ita sarki ya sani. Can na ɗaga kai na ga ɗaya daga cikin abokaina ya jingina da bango yana juya dayis ɗinsa a tafin hannu, bai jefa shi ba kusan rabin sa'a, kuma wannan kallo ya dame ni har na koma gida. Mutanen nan sun bar harkokinsu sun zo ne domin su zama jaruman labarin, ni kuwa na mai da su 'yan rakiya. A zama na gaba na sa aka sare ta a ƙafa tun farkon tafiya, ta zama ita ke buƙatar a ɗauke ta a kai ta gari, kuma abin mamaki sai a lokacin ne suka fara sonta, har suna gardama a kan wa zai tsaya gadinta da dare.

Ƙa'idar da na riƙe tun daga ranar ita ce duk mutumin gari da zai daɗe tare da 'yan wasa dole ya kasance yana buƙatarsu fiye da yadda suke buƙatarsa. Idan mai ƙarfi ne, ka ɗaure shi da wani abu, rantsuwa ko rauni ko muƙamin da ba zai iya bari ba. Idan mai ilimi ne, ya ba da labari amma kada ya yanke shawara. Kuma ka guji barin mutanenka biyu su yi doguwar hira da juna alhali 'yan wasa suna saurare, domin wannan kai kaɗai ne kake magana da kanka. Ka taƙaita abin da suka ce a jimla biyu, sannan ɗayansu ya juyo ya tambayi 'yan wasa ra'ayinsu.

Littafin da za ka rubuta da hannunka

Za ka lura da wani abu bayan zama biyar ko shida. Mutumin da ka ɓata dare kana shiryawa, 'yan wasa za su wuce shi ko kallo bai ishe su ba, amma yaron da ka ƙirƙira cikin daƙiƙa biyar domin ya riƙe musu dawaki, shi za su ɗauka su riƙa tambayar lafiyarsa. Kada ka yi jayayya da wannan. Wanda suka so shi za ka ciyar gaba, kuma katin wanda suka ƙi ka ajiye shi, zai dawo da wani suna a wani gari.

Saboda haka ka sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ware shafi ɗaya ga duk wanda ya bayyana fiye da sau ɗaya. Da an tashi daga zama, kafin ka kwanta, ka ɗauki minti goma ka rubuta wa kowanne abu uku: me aka yi masa, yaya yake kallon 'yan wasa yanzu, kuma me zai yi kafin su sake haɗuwa. Na ukun nan shi ne ke sa duniya ta yi numfashi, domin mutanen gari ba sa daskarewa idan jarumai sun juya baya. Idan sun biya wa Audi bashin gishiri, ka rubuta cewa ya gaya wa duk masu fito na ƙasan kogi, yadda bayan wata biyu wani baƙon mai kwalekwale zai ƙi karɓar kuɗinsu. Idan kuwa sun bar shi da damuwarsa, ka rubuta ranar da ayari ya tashi da sunan garin da aka nufa da yaron, sannan ka buɗe sabon shafi ka sa sunan yaron a samansa, domin wata rana 'yan wasa za su shiga wannan gari, kuma wanda zai kawo musu ruwan wanke hannu a masauki zai gane fuskokinsu.